Yatsu Huɗun Inusah Fita

Yayana Inusah mutum ne da bai iya tambaya ba. Ban ce ba ya magana ba, don in aka taɓo masa zancen inji sai an roƙe shi ya yi shiru. Amma ya dubi mutum ya ce, "Me kake so a yi maka?" wannan bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Sai dai ya yi ta kallonka ta wutsiyar ido, ya auna ka, ya koma gindin darbejiyarsa ya ƙera maka abin da yake ganin kana bukata. Lokacin da na yi ciwon baya ko sannu bai ce mini ba. Bayan kwana uku na fito na tarar an ƙara wa murhun da nake dama koko ƙafafu na ƙarfe, wai don in daina sunkuyawa.

Ni ce Atikatu, ƙanwarsa ciki ɗaya. A Yendi aka haife mu, a gidan Mikaila maƙeri, wanda yake ƙera wa Dagomba fartanya da linzami. Inusah ya tashi a bakin zugazugi, kuma kowa ya ɗauka a nan zai tsufa. Da manyan motoci suka fara ratsa Yendi da doya da shanu, sai hankalinsa ya bi su. Ya tafi Kumasi ya yi shekara bakwai yana koyon gyaran mota, ya dawo da tabon wuta a damtse da sabon suna, Inusah Fita, don fita ake ce wa makanike a wajenmu. Bai zauna a Yendi ba. Ya ce motocin doya sun fi mutuwa a Salaga, saboda haka can ya je ya kafa uwar maƙerarsa a gefen tasha. Ni kuma da mijina ya rasu na bi shi, na dasa kaskon ƙosai da tukunyar koko taku goma daga inda yake aiki. Duk abin da zan faɗa a nan a gaban idona aka yi shi.

A Salaga ya auri Azara, 'yar Baba Osman, wanda duk gari ke kira Madugu. Shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka kora jakunan goro daga Salaga zuwa Bawku har ƙasar Mosi. Danginsa sun yi gunaguni, wai gidan fatake ba ya ba ɗan maƙeri 'ya. Madugu ya saurare su har suka gaji, sa'an nan ya ce, "Na ba shi." Wannan kalma Inusah ya ɗora ta a kansa har ya mutu. Kunyar suruki kowa yana yi, amma tasa ta wuce misali. Tun daga bakin layi yake cire takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa shan ko ruwa a gaban tsohon ba. Shi ma tsohon ba ya kama sunansa, sai dai ya ce wa Azara, "mutumin naki." Ban da gaisuwa, duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin Azara take bi.

Madugu yana da ƙane ɗaya, Abdul-Kadiri, kuma shekara talatin ba su ga juna ba. Tare suke fatauci, har ranar da suka sauka a kasuwar Yendi Abdul-Kadiri ya ga lori zai tashi zuwa Bawku. Ya kwashe huhunan goronsa daga kan jakuna ya loda, aka miƙo masa hannu aka ja shi sama, ya bar wansa da jakuna arba'in a tsakiyar hanya. Madugu ya ɗaga murya a gaban 'yan kasuwa ya ce duk wanda aka ja aka ɗora a kan wannan abu kaya ne, ba mutum ba. Ya ƙara da cewa ko gawarsa kada ƙanen ya zo gani. Abdul-Kadiri ya zauna a Bawku ya yi arziki da shanu da hatsi. Madugu ya koma Salaga, sana'ar jaki ta mutu a hannunsa, kuma bai taɓa sa ƙafa a cikin mota ba. Daga baya sanyin ƙashi ya cinye masa gwiwoyi, har jakin ma ya fi ƙarfinsa.

A shekara ta shida bayan samun 'yancin kai, tsakanin ƙaramar salla da layya, wani ɗan tireda ya kawo wasiƙar ajami daga Bawku ranar Juma'a. Abdul-Kadiri yana kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Yana roƙon wansa ya zo su yafe wa juna ido da ido tun da sauran rai. Madugu ya karanta da kansa, ya naɗe takardar ya sa a ƙarƙashin buzu, ya kira Azara.

"Zan je," in ji shi. "Amma ki gaya wa mutumin naki, da ƙafata zan shiga, da ƙafata zan fita. Ba wanda zai cicciɓe ni kamar buhun dawa a gaban mutanen Salaga."

Azara ta kawo saƙon gindin darbejiya kafin la'asar. Inusah yana da wata 'yar akori-kura da ya saya a mace ya tashe ta da hannunsa, wadda yake zuwa da ita ceton motocin da suka lalace a daji. Idan aka jera ta da lori, jaririya ce. Duk da haka ya san ta fi ƙarfin gwiwar tsohon. To, ta yaya zai san iyakar inda ƙafar surukinsa ke iya ɗagawa, shi da ba ya iya kallon fuskarsa? Sai ya tuna akwai dokin ƙofar masallacin unguwa, wanda Madugu yake tsallakewa da sanda sau biyar a rana. Ya je ya yanki karan dawa daidai tsayin dokin ƙofar, ya zo ya jingina shi a bakin ƙofar mota. Daɓen motar ya ɗara karan da yatsu huɗu.

Na ce masa, "Yaya, yatsu huɗu ne fa. A sa masa 'yar kujera ya taka."

Ya ce kujera taki biyu ke nan maimakon ɗaya, kuma a na biyun nauyinsa duka zai koma kan gwiwa ɗaya a bisa abu mai rawa. In ya faɗi fa?

"To a haƙa ɗan rami a zura tayoyin gaba."

"A Salaga in haƙa rami. A Bimbila in haƙa, a Yendi in haƙa, duk inda zai sauka alwala in fito da fartanya. A ƙofar gidan ƙanensa ma in haƙa, mutanen Bawku suna kallo, kowa ya san Madugu ya ƙare." Ya girgiza kai. "So nake ya shiga kamar ba a yi komai ba. Ko shi kansa kada ya sani."

Maganar gaskiya, a lokacin har burge ni ya yi.

Ni ba fita ba ce, amma na yi kwana tara ina kallon aikin nan ta cikin hayaƙin ƙosai, don haka zan faɗa yadda na gani. A ƙarƙashin inji akwai wani ƙarfe mai kauri da ya gitta daga hagu zuwa dama, masu gyara suna ce masa kurosmemba. A jikinsa ƙafafun gaba suke da sifirin ɗinsu, kuma a kansa gaban motar duka yake zaune, yadda tukunya ke zama a kan murhu. Dabarar Inusah ita ce ya rage wa murhun tsawo. Zai kwance ƙarfen, ya yanke yatsu huɗu daga kafaɗunsa biyu inda suke haɗuwa da shasi, ya sake ɗinke su da walda. Tayoyi suna nan inda suke, jikin motar ne zai sauko. A baya kuma zai zare ganye biyu-biyu daga sifirin don kada ta yi goho. Ya ce wa Azara aikin kwana uku ne.

Ranar Asabar ya ɗaga gaban motar a kan kututturai, ya fitar da inji da sarƙa a reshen darbejiya. Ranar Lahadi ya kwance ƙarfen. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya zana da alli, ya goge, ya sake zanawa, har rana ta yi tsaka bai sa zarto ba. Wanda ya san Inusah ya san ba ya gaggawa da ƙarfe. Direbobin tasha suka samu abin yi, suna zuwa shan koko suna tsaya masa a kai.

"Fita, kowa yana ƙara sifirin, kai kana cirewa," in ji wani. "Hanya na Bawku ka sani kuwa?"

Wani ya ce, "Bar shi. Mota nashi zai yi salla ne, yana koya mashi durƙuso."

Bai gaya wa kowa dalili ba, don dalilin shi ne asirin da yake son rufewa.

Ranar Talata kabaid ya ƙare, dutsen nan mai wari da ake jiƙawa ya ba da iskar walda. Babu shi a Salaga, sai da aka aika Tamale, kwana biyu ya zauna yana goge abin da ya riga ya goge. Da kabaid ya iso ya ɗinke kafaɗun, ya mayar da ƙarfen, ya sauke motar a kan ƙafafunta, sai ya ga ɓangaren hagu ya fi na dama sauka da kaurin ɗan yatsa. Ni na duba ban ga komai ba. Shi ya ce sitiyari zai riƙa ja gefe, kuma ba zai ɗauki surukinsa a motar da ke tafiya a karkace ba. Ya sake yankewa. Da aka zo mayar da inji, tukunyar baƙin mai ta ƙi zama, sai da ya fafe mata gurbi a tsakiyar ƙarfen. Tukunyar nan da a ɓoye take a bayan ƙarfen, yanzu ta leƙo ƙasa da shi. Ya gani, ya daɗe yana kallonta. Ya ce hanya a bushe take, zai bi a hankali.

Kowace safiya Azara takan dawo daga gidan mahaifinta ta ce, "Baba ya ce yaya aiki." Inusah ya ce, "Ki ce an kusa." Ba ta taɓa ce masa ya yi sauri ba, don mace ce da ba ta ɗaga wa miji murya. Ranar Juma'ar da wasiƙa ta cika mako, hadari ya haɗu daga gabas, aka yi ruwan farko, mai yawa, tun hantsi har azahar. Manoma suna murna. Na dubi yayana a ƙarƙashin mota, ruwa yana bi ta bayansa, yana dukan murfin taya da guduma don kada taya ta riƙa gogarsa.

Ranar Litinin da safe ya tsayar da motar a ƙofar gidan Madugu. Ya buɗe ƙofa, ya koma gefe ya durƙusa. Tsohon ya fito da farar riga da rawani, maƙwabta sun taru yi masa sallama. Ya dubi motar kamar yadda ake duban karen da ba a sani ba. Ya dafa sanda, ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafar dama, ta sauka a kan daɓe daidai. Ya ja ta hagu, ya zauna, ya gyara rigarsa. Ba wanda ya lura an yi wani abu. Ni kaɗai na dubi Inusah, kuma ban taɓa ganin farin ciki irin na ranar a fuskarsa ba, duk da kansa a sunkuye yake.

Azara ta zauna a tsakiya don ta raba su, ni ina baya da kaya. Inusah ya yi tuƙin nan duka kafaɗarsa a manne da ƙofa, kamar mai gudun wuta. Har Yendi ba abin da ya faru. Sau bakwai tsohon ya sauka, don salla da don uzurin tsufa, sau bakwai ya koma da kansa. Muka kwana a gidanmu na haihuwa, na fara cewa a raina ashe yayana ya fi mu gaskiya.

Bayan Gushegu hanya ta canza. Ruwan nan na Juma'a ya jiƙa jar ƙasa, motocin shanu sun bi ta kai sun haƙa kwari biyu, sun bar doro a tsakiya. Lori yana wucewa a kan doron ba tare da ya sani ba. Mu kuwa sai muka fara jin cikin motar yana gurzar ƙasa. Inusah ya hau da taya ɗaya kan doron, ɗaya a gefen hanya, muna tafiya a karkace kamar kaguwa, abin da ya ɓata kwana biyu don ya guje masa. In wuri ya yi muni ya sauka ya sare doron da fartanya, ya dawo, mu matsa taku hamsin. Tafiyar sa'a ɗaya ta ci mana tun hantsi har bayan azahar. Madugu kuwa carbinsa kawai yake ja.

A wani ɗan rafi ne abin ya ƙare. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma ja ne, ba a ganin ƙasa. Inusah ya shiga da ƙafa ya lalube, ya dawo ya sa mota. Muna tsakiya muka ji ƙara ɗaya daga ƙasa, ba ma mai ƙarfi ba. Ya fitar da mu zuwa ɗaya gaɓar ya kashe inji. Da na waiwaya sai na ga baƙin mai yana yawo a kan jan ruwan.

Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito na ce, "Waldar ce ta ɓalle?"

"Waldar ko motsi ba ta yi ba," in ji shi.

Aikinsa yana nan garau. Dutse ne ya samu tukunyar mai, ya tsaga ta tsawon tafin hannu. Da motar tana tsayinta na da, da mun wuce ta kan dutsen nan ba mu san yana wurin ba. Ya gwada toshewa da sabulu da tsumma, ya zuba ɗan man da ya yi guzuri, muna kallo ya tsiyaye a ƙasa. Garin neman gira an rasa ido, amma wa zai faɗa masa haka a lokacin? Muka shimfiɗa wa tsohon tabarma a gindin kaɗanya, muka zauna. Saura tafiyar yini guda zuwa Bawku.

Wajen la'asar wani lori ya iso daga Yendi, cike da mata 'yan kasuwa da buhunan gishiri. Direban, wani Bakusase mai suna Aruna, ya san Inusah. Ya sauko ya leƙa ƙarƙashin motarmu, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Fita, wannan ya mutu. Sai ka kawo sabon tukunya daga Tamale." Ya juya wajen tsohon ya rusuna. "Baaba, gaba akwai wuri. Mu ɗauka ka mu sa ciki, ba komai. Gobe kana Bawku."

Matakin lorin nan ya kai ƙirjin Madugu. Azara ta sunkuyar da kai, Inusah yana durƙushe can nesa, laka har wuya. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi lorin tun daga taya har rufi, ya dubi hanyar da ta yi arewa, ya mayar da carbi aljihu.

"Inusah," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya, ranar ce ta farko da na ji sunan a bakinsa. Yayana ya ɗago kamar an mare shi.

"Zo ka ɗauke ni."

Ya goge hannuwansa a wando, bai yi amfani ba, don wandon ya fi hannun datti. Ya sa hannu ɗaya a bayan tsohon, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗaga. Daga baya ya gaya mini ya shirya wa nauyi, sai ya ji kamar damin kara ya ɗauka. Matan da ke sama suka zuba ido. Azara ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ajiye shi a kujera, ya gyara masa ƙafafu, ya miƙa masa sanda, farar rigar duk ta yi shatar laka da baƙin mai. Ya bar motarsa da akwatin kayan aikinsa a hannun wani manomi, ya hau baya tare da mu. Muka tsaya kwana a Nakpanduri.

Ranar Laraba da hantsi muka shiga Bawku. A tsakiyar tasha Inusah ya sake ɗaukar tsohon ya sauke. Na duba in ga masu kallo, wallahi ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Masu shanu suna ta cinikinsu, Mosawa suna ɗaure kekunansu. Ba wanda ya san wani Madugu a garin nan, balle ya damu da yadda ya sauko daga mota. Wannan ya ba ni haushi fiye da fashewar tukunyar.

Matar Abdul-Kadiri, Hajiya Amamatu, ita ta tarbe mu. Da ta ji ko wane ne sai ta fashe da kuka, ta kai mu ɗakin. Abdul-Kadiri yana da rai. Yana kwance an tokare shi da matasai, idonsa a buɗe, kamarsu ɗaya da wansa har tsagar goshi. Madugu ya zauna a bakin gado ya kama hannunsa.

"Abdu, ni ne. Na zo."

Mara lafiyar ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu da zuwa, malam. Daga ina?"

"Daga Salaga. Ni ne Osman, wanka."

"Salaga," in ji shi. "To ka biyo ta Yendi ke nan. Ba ka ga wani mai jakuna a kasuwa ba? Dogo, mai faɗa. Yayana ne. Na bar shi da kaya da yawa." Ya yi numfashi da ƙyar. "In za ka koma, don Allah ka ce masa ya yafe mini."

"Na yafe, Abdu. Ni ne. Kai ma ka yafe mini abin da na faɗa."

"Ka gaya masa dai," in ji Abdul-Kadiri. "Ba ya jin maganar kowa, amma ka gwada."

Tsohon ya yi ta maimaitawa, ya kira sunan uwarsu, ya kira sunayen zangon da suka sauka tare. Ƙanen yana murmushi yana gyaɗa kai, yana yi wa baƙo ladabi. A tsakar gida Hajiya Amamatu ta gaya mana cewa har ranar Alhamis da ta wuce da hankalinsa sarai. Tun da aka aika wasiƙa, kullum da safe sai ya sa 'ya'yansa su ɗauke shi su kai shi ƙofar gida, ya fuskanci hanyar Garu, wadda motocin Yendi ke shigowa ta kanta, duk motar da ta shigo ya aika a tambaya ko akwai mutanen Salaga. Ranar Alhamis da yamma zazzaɓi ya hau kansa, daga nan bai ƙara gane kowa ba. Inusah yana tsugune a bakin zaure yana ji. Na ga leɓensa yana motsi, na san kwanaki yake lissafawa. Da an sa tsohon a lori ranar Asabar ɗin farko, da sun samu kwana huɗu tare.

Abdul-Kadiri ya rasu ranar Juma'a bai gane wansa ba. Madugu ya ce ba zai koma Salaga ba, kuma bai koma ba. Kafin a girbe gero ya bi ƙanensa, aka binne shi a maƙabarta ɗaya da shi. Inusah ya yi shekara shida bayan haka yana aiki a gindin darbejiya, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Ya ci gaba da gyara na kowa, hannunsa bai lalace ba, amma zancen inji ya fita daga bakinsa. Motar nan bai taɓa komawa ɗaukarta ba, ko akwatin kayan aikin bai aika a karɓo ba. Mutanen Salaga sun ɗauka kunyar abin da ya faru a hanya ce. Ni na san ba ita ba ce, don ina wurin da safen da za mu baro Bawku.

Bayan sadakar uku ne. Mun ɗaure kaya, muka shiga yi wa tsohon sallama. Yana zaune a tsakar gida a kan buzu. Inusah ya durƙusa a jikin bango inda ya saba tsayawa, nesa. Madugu bai dube shi ba, ya koma yadda suke a da, Azara ya yi wa magana.

"Ki gaya wa mutumin naki na san abin da ya yi wa motarsa. Tun ranar farko na sani, Salaga ba ta da girman da za a ɓoye mini abu. Ni na riga na faɗi magana, bakina ba ya iya janye ta. Kwana taran nan, kullum in na idar da asuba sai in sa rigar tafiya in zauna a zaure. Ina cewa yau wani zai shigo ya cicciɓe ni da ƙarfi ya jefa a lori, in zage shi, in yi ta faɗa har Yendi, in iso in tarar da ɗan'uwana. Har rana ta faɗi ina jira. A cikinku duka an rasa wanda zai raina ni ko na yini ɗaya."

Azara tana kuka ba sauti. Ni kuwa ni nake kai masa koko a kwanakin nan. Na ga rigar, na ga jakar tafiya a gefensa, na gaishe shi na fito.

"Ba laifinsa ba ne," in ji tsohon. "Ki ce masa aikin ya yi kyau, ban taɓa shiga wuri da sauƙi haka ba. Allah ya yi masa albarka."

"Amin, Baba," in ji Inusah, kansa a ƙasa.

Tsohon ya dafa sanda ya shiga ɗaki. Muka ɗauki kaya muka tsaya a zaure muna jiran yayana ya taso. Aka aiko daga tasha sau biyu cewa mota ta cika. Na leƙa, yana nan durƙushe a jikin bango, rana ta iso kansa bai matsa ba. Motar Yendi ta tafi ta bar mu a ranar.